Sabon gini ko gyaran tsohon gida: yadda aikin namu ke tafiya

11 ga Janairu, 2025

Ni da Yayana mun haɗa kuɗi za mu sa a gidan haya, kuma tunda aka fara maganar nan na lura kowa abin da ya yi masa daɗi kawai yake tunawa, shi ya sa na ce bari in dinga rubutawa da kwanan wata, ko ba komai in gardama ta tashi akwai inda za a duba. Abu biyu ne a gabanmu. Na farko fili ne a bakin gari inda yanzu mutane suka fara cikawa, in mun saya za mu taso gini tun daga fandisho, sashe huɗu ƙanana. Na biyu tsohon gida ne a cikin gari, takardunsa sun nuna a ƙarshen shekarun 1970 aka gina shi, magada ne ke son sayarwa, ya jima a rufe har ciyawa ta cinye tsakar gidan amma yana da girma, za a iya raba shi sashe uku.

Ba zan dinga rubuta adadin kuɗi ba, farashin kayan gini kafin ka ajiye biro ya canza, kuma wanda ke wani wuri ba abin da zai ƙaru da shi. Jarin namu gaba ɗaya na ɗauke shi a matsayin 100, duk lambar da zan faɗa da wannan 100 ɗin za a auna ta.

Yaya sabon gini yake so, kuma gaskiya hujjojinsa ba na wasa ba ne. Ya ce kai za ka zaɓi rodinka da simintinka, ka san abin da aka binne a ƙasa, shekarun farko ba ruwanka da gyara, ɗakunan kuma yadda 'yan hayan yanzu ke so za ka tsara su ba yadda wani ya ga dama shekara arba'in da suka wuce ba. Ni kuma hankalina na kan tsohon, don titi da ruwa da wuta duk sun riga sun zo, makaranta da kasuwa da wuraren aiki duk a kusa, kuma bango in bai yi maka ba ka rushe ka sake amma unguwa ba ka isa ka ɗauko ta ka kai bakin gari ba. Mun dai tsaya a kan ba wanda zai sa hannu a komai sai an zuba lissafin duka biyun a takarda ɗaya.

25 ga Janairu

Lissafin farko ya fito. Filin zai ci 22, mai ƙiyasin gini ya ce sashe huɗun tun daga tono har fenti da katanga da jawo wuta 85 ne, ka ga 107 kenan, ya haura jarin tun ba a sauke tifar yashi ko ɗaya ba. Hayar da ake karɓa a wajen in duka sassan sun cika wajen 9 a shekara. Tsohon gidan kuma 68 suke nema, gyaran da muka ƙiyasta da ido 20, lauya da la'ada da sauya suna a takarda 5, duka 93, hayarsa wajen 8 a shekara.

In ka raba haya da abin da aka kashe, sabon yana ba da kashi 8.4 cikin 100, tsohon 8.6. Wato kusan abu ɗaya, Yaya har dariya ya yi ya ce to ai shikenan, tunda ɗaya ne gara sabo. Amma wannan rabawar tana ɓoye abu biyu. Na ɗaya lokaci, sabon gini ko da kuɗin na hannu a shirye da wuya ya gaza wata goma sha biyar kafin ɗan haya na farko ya shiga, gyara kuma wata biyar ko shida, ka ga tsakaninsu akwai hayar kusan shekara guda da ba za ta taɓa dawowa ba, in ka ɗora ta a kan 107 ɗin sai ribar sabon ta sauko ƙasa da kashi 8. Kuma mu kuɗin ma bai kai ba, dole a tsaya a jira, ginin da aka tsaya kuwa ba ya kawo ko sisi, mai gadi ma kai za ka biya. Na biyun a wajen Yaya yake da amfani, tsohon gida ya fi cin kuɗin kulawa. Akwai ƙa'idar da ake yawan faɗa cewa ka ware kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara don gyare-gyare, ni na ninka ta biyu a kan tsohon don kar in yaudari kaina, to da na yi haka sai tazarar ta sake matsewa.

Wani abin da na tsaya a kai sosai shi ne ina kuɗin ke zama. Gini tsufa yake, ƙasa ce ke tashi. A tsohon gidan mafi yawan 68 ɗin kuɗin wurin ne, bangon kusan kyauta ake ba ka. A sabon kuma 85 daga cikin 107 a bulo da kwano da tayil suke, waɗanda ranar da aka miƙa maka mukulli suka fara tsufa. Yaya ya ce eh amma filin bakin gari tunda daga ƙasa ya faro ya fi saurin ninkawa, na cikin gari ya riga ya yi tsadarsa. Wannan ban da amsarta, gaskiya ce, sai dai tana jiran a yi titi kuma mutane su ci gaba da zuwa.

8 ga Fabrairu

Wani ɗan kwangila ya ce wa Yaya wata goma zai gama sashe huɗun. Ban ce ƙarya yake ba, ina ga shi ma ya yarda da abin da ya faɗa. Tun 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka yi bayanin wannan halin na ɗan Adam, mutum in yana tsara aikinsa hanyar da komai zai tafi daidai yake hangowa, ba ya waiwayar yadda irin aikin ya ƙare a hannun wasu. Babban ɗakin wasannin nan na Sidni a Ostireliya an fara shi 1959 da niyyar shekara huɗu, sai 1973 aka buɗe, kuɗin kuma ya ninka ƙiyasin farko fiye da sau goma sha huɗu, kuma masana ne suka yi lissafin ba irinmu ba.

Sai dai wannan sandar ta fi dukana a kan Yaya, don ƙiyasin gyara ya fi na sabon gini rashin tabbas nesa ba kusa ba, 20 ɗin nan da na rubuta da ido muka yi ta, ba wanda ya hau rufi ba wanda ya buɗe bango. Da na zauna na yi tunani sai na ga inda bambancin yake na gaske. Duka biyun akwai abin da ba mu sani ba, amma na tsohon gidan ya riga ya faru, yana nan a cikin bango da rufi da ƙarƙashin ƙasa yau ɗin nan, in ka biya wanda ya iya dubawa zai fito maka da mafi yawansa kafin ka ba da kuɗi. Na sabon ginin kuma bai zo ba tukuna, nawa siminti zai kai nan da wata tara, ɗan kwangilar zai tsaya ko zai kama wani aikin, unguwar za ta cika ko za ta tsaya, wannan ko nawa ka biya ba mai duba maka shi. Na ce Yaya mu kashe 1 daga jarin a kan injiniya da lauya, in gidan ruɓaɓɓe ne mun yi asarar 1 mun koma filinka ba gardama. Ya yarda, da sharaɗin shi zai nemo injiniyan kuma ba wanda dillali ya kawo ba, wanda ni ma haka nake so.

22 ga Fabrairu

Injiniya ya zo ya wuni a gidan, ya shiga cikin silin, ya sa an tona rami a gefen bango har aka ga gindin fandisho, ya dinga ƙwanƙwasa filasta yana sauraro. Ya zo da wata 'yar guduma mai sifirin da ake danna wa kankare ta nuna lamba, wadda wani injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya ce ba ta faɗin komai da komai amma tana nuna in wani ginshiƙin ya fi 'yan uwansa rauni. Ginshiƙai da lintoci sun fito lafiya. Fandisho ma ya ce ya fi na wasu sabbin gine-ginen da yake gani faɗi.

Tsagar bango ita ce ta fi tsorata Yaya tun farko. Injiniya ya auna su ɗaya bayan ɗaya ya ce, Malam, ba kowace tsaga ce ciwo ba, a ma'aunin da masu binciken gini a Ingila ke amfani da shi wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci ta cikewa ce a shafe, daga 5 zuwa 15 sai an nemi dalili, in ta haura 25 kuma ana maganar sake wani ɓangare ne. Namu duk ƙanana ne ban da guda ɗaya a kusurwar baya kusa da banɗaki, milimita 8, tana hawa a karkace kamar matakala tana bin layin bulo kuma ta fi faɗi a sama, ya ce wannan alamar kusurwar ta ɗan zauna ne, abin tambaya ta gama zaman ko tana kan yi. Ya manna alama a kanta ya rubuta kwanan wata.

Sai danshi. Ƙasan bangon ɗakuna biyu fenti ya kumbura, wani farin gishiri na fitowa, kuma abin bai wuce tsayin mita ɗaya ba, ya ce haka danshin da ke tasowa daga ƙasa yake yi. Da ya zagaya waje sai ya nuna mana dalili, shekara da shekaru ana ta ciko a tsakar gida har ƙasar waje ta haura shimfiɗar hana danshi da aka sa lokacin gini, ruwa na tsallake ta ya shiga bango kai tsaye. Yaya ya ce ba za a kankare a yi sabon fenti mai hana ruwa ba? Ya ce ranka ya daɗe wannan kamar sa sabuwar riga ne ba a yi wanka ba, a sauke ƙasar waje tukuna a yi wa ruwa hanya.

A dakin ɗin baranda, wato rufinta na kankare, akwai inda kankaren ya ɓalle rodi ya fito ya yi tsatsa. Ya bayyana cewa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, to tana kumbura ne daga ciki ta ture kankaren, kuma yawanci inda aka sa rodin kusa da fuska ne ba a ba shi rufin da ya kai ba. Wurin ƙarami ne, za a sassaƙe a goge rodin a rufe. Wayarin duka zai fita, babu wayar da ke sauke wuta ƙasa ko ɗaya, robar wayoyin in ka lanƙwasa karyewa take. Bututun ruwa na ƙarfe ne, irinsu shekara arba'in zuwa hamsin suke yi kuma daga ciki suke toshewa da tsatsa, waje ka gan su lafiya lau.

Babban abin shi ne rufin baya da silin, na asbestas ne. Ya ce muddin yana zaune ba a taɓa shi ba haɗarin kaɗan ne, matsalar in aka fasa ko aka yanka ƙurar ta tashi, zaren na maƙalewa a huhu kuma cutar sai bayan shekara ashirin ko talatin ko fiye take bayyana, shi ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Namu ya tsattsage yana yoyo, dole ya sauka. Ya ƙara da cewa tsohon fentin ƙofofi da tagogi ma kar a goge shi a bushe, fentin wancan zamanin da yawa akwai dalma a ciki, Amurka sai 1978 ta hana sa shi a gidaje, kuma yara ƙurar ta fi yi wa illa.

Da aka tattara ƙiyasin gyara ya tashi daga 20 zuwa 24.

15 ga Maris

Alamar da aka manna a tsagar ba ta motsa ba, amma Injiniya ya ce sati uku ba ya isa a yanke hukunci, irin wannan watanni ake sa wa ido, mu kuma magada ba za su jira watanni ba. Sai ya sa aka tona kusurwar, aka tarar bututun da ke kai ruwan banɗaki sokawe ya fashe a daidai gindin bangon, ƙasar wurin ta yi laushi. Ya ce tunda an ga dalili kuma gidan ya jima ba a amfani da ruwa, hankalinsa ya fi kwanciya, a sauya bututun a cika a daddaɓe a ɗinke tsagar da ƙarfe.

Lauya ya gama nasa, takardar mallaka ta dace da abin da ke rajista, ba a jinginar da gidan ba, kuma ya dage sai duk magadan sun sa hannu ba wakilinsu kaɗai ba. Ya kuma je hukumar tsara gari ya tambayo, raba gidan uku daga ciki na buƙatar izini amma ba mai wuya ba ne. Abin da ban sani ba da, in da za mu rushe mu sake gini dole mu bi dokar tazara ta yanzu mu ja baya daga titi da katangar maƙwabta, wato ginin zai ƙanƙance, tsohon kuwa tunda da izininsa aka yi yana nan a inda yake.

29 ga Maris

Mun saya, a kan 63. Rahoton Injiniya ne ya yi cinikin ba bakinmu ba, mun ajiye musu shi da hotuna, babban cikinsu ya karanta ya ce su ma ba su san rufin ya kai haka ba. Yanzu lissafin, gida 63, takardu da la'ada 5, bincike 1, gyara 24, duka 93, saura 7 a gefe wanda muka yi alkawarin ba mai taɓawa sai abin da ba a gani ba ya fito.

Yaya ya samo wata ƙa'ida da masu sayen gida su gyara su sayar ke amfani da ita a Amurka, wai kar ka biya fiye da kashi 70 cikin 100 na darajar gidan bayan gyara, a cire kuɗin gyaran. Mai kimanta gidaje ya ce namu in an gama zai kai 115, kashi 70 ɗinsa 80 da rabi, a cire 24 saura 56 da rabi, to wai mun biya da tsada kenan. Na ce Yaya wannan ta mai sayarwa ce cikin wata shida, 30 ɗin da suke bari na ribarsu ne da kuɗin ruwan bashi da la'adar sayarwa, mu ba bashi muka ci ba kuma haya za mu sa. Ya ce ya ji, amma in rubuta cewa ya faɗa. Na rubuta.

12 ga Afrilu

An fara daga sama, don duk abin da ka gyara a ƙasa rufi na yoyo aikin banza ne. Asbestas ɗin mutanen da suka saba da shi muka kira, sun jiƙa shi da ruwa, suna kwance kusoshin suna sauke shi fallen-fallen ba jifa ba fasawa, da takunkumi na gaske a fuska, aka naɗe a leda mai kauri aka kai inda hukuma ta yarda a zubar. Wani lebura ya zo ya ce Oga a ba ni guda biyar in rufe ɗan ɗakina, na hana, ya ga kamar rowa ce.

Da aka yaye rufin sai ga gara. Injiniya ya shiga silin ɗin a baya amma ɓangaren da ke kan kicin ba ya shiguwa, kuma nan ne suka cinye katakon daga ciki, ka ga ice a tsaye lafiya ka soka masa sukundireba ya wuce. Kafinta ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na katakon zai fita, sauran a shafa magani, a kuma yi wa gindin ginin feshi. Wannan ya ci 3 daga ajiyar, saura 4. Yaya bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Bincike dai ya kama mafi yawa bai kama duka ba, kuma saboda irin wannan aka ajiye 7 ɗin.

3 ga Mayu

Sabon kwano ya hau. Mai wayarin da falamba suna ta sassaƙa bango tare, na dage su gama kafin birkila ya taɓa filasta, don ba abin da ya fi ciwo irin a shafe bango a dawo a fasa. Waya mai milimita 2.5 a soket, 1.5 a fitila, wayar ƙasa ko'ina, da bireka mai yanke wuta in ta fara zirarewa, mai miliam 30, wato ɗan zirarewar da ta kai wannan ma'aunin ta isa ya yanke. Kowane sashe da mitarsa da layin ruwansa, wannan ya ɗan ƙara kuɗi amma rigimar 'yan haya rabinta a kan wa ya sha wuta wa bai biya ba take.

Yaya ya zo da sabuwar shawara, tunda fandisho na da kyau me zai hana a ɗora bene a samu sashe shida. Injiniya ya ce kyan fandisho na ɗaukar abin da aka yi shi dominsa ne, wannan na hawa ɗaya ne, in ana son bene sai an sa sabbin ginshiƙai da nasu tushen, a fasa daɓe, a nemi sabon izini, kuma a lokacin an koma sabon gini ne a cikin tsohon bango, ka haɗa tsadar wancan da wahalar wannan. Maganar ta mutu a nan.

24 ga Mayu

An yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, rufi bai ɗiga ba. An sauke ƙasar tsakar gida an yi mata gangara zuwa kwata, ruwa ya daina kwanciya a gindin bango. An sassaƙe tsohuwar filastar da gishiri ya ci har sama da inda danshin ya tsaya, aka bar bulon a buɗe ya sha iska. Birkila na ta ƙorafi wai muna ɓata masa lokaci.

Sokawen da muka ɗauka gyara kawai yake so murfinsa ya ruɓe, an zuba sabo. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa shi da shi, a kwana bakwai wajen kashi biyu cikin uku yake, kuma ana ba shi ruwa ne don simintin da ruwan yake haɗuwa ya yi ƙarfi ba bushewa ake so ya yi ba, na sa an kewaye wurin kar mai tifa ya hau. Wannan da ƙarin bututu sun ci 2, ajiya saura 2.

14 ga Yuni

Gardamar wannan satin a kan tayil ce da kayan banɗaki. Yaya ya ga wasu masu sheƙi yana so a sa, wai gidan ya fita daban a layin. Na zagaya na tambayi hayar gidajen da ke kewaye, akwai iyakar da mutanen unguwar ke biya, ko da zinare ka shafe bangon wanda zai iya biyan fiye da haka wata unguwar zai tafi ba nan ba. To duk abin da aka kashe sama da wannan iyakar ado ne muka yi wa kanmu. Mun sasanta, tayil matsakaici mara santsi kala ɗaya a duk gidan da ƙarin kwali a ajiye don in ya fashe, amma famfo da makullai da hinjin ƙofa masu kyau, don su ne hannu ke taɓawa kullum kuma su ne ke sa a kira ka da dare. Tsofaffin ƙofofin katako uku kafinta ya ce kar a yar, icen ya fi na yanzu, an cire fentin a jiƙe an mayar.

Fenti zai jira, sabuwar filastar siminti na son wajen sati huɗu kafin a shafa mata, in ba haka ba ta ci fentin.

5 ga Yuli

Sashe na gaba ya kammala kuma an kama shi, ma'aurata ne, sun biya sun ce wurin aikin matar da ƙafa take zuwa, ba su ma tambayi shekarun gidan ba, ruwa da wuta da tsaro suka tambaya. Na biyu saura fenti, na uku na baya inda tsagar take Injiniya ya ce a bar shi sai ƙarshen wata ya sake aunawa bayan ƙasa ta sha ruwa sosai, zuwa yanzu alamar na nan yadda take.

Abin da aka kashe da wanda aka riga aka yi alkawarinsa ya kai 98, in sassan uku sun cika hayar 8 ce, wato kashi 8.2 kafin a cire kulawa da watannin da wani sashe zai zauna ba kowa, ƙasa da 8.6 ɗin da na rubuta a Janairu. Yaya ya kira dillalin filin nan don ya ji, yanzu 26 ake nema maimakon 22, ya turo min saƙo da sassafe ba ko gaisuwa. Ni ma na kira mai ƙiyasin na ce ya sabunta lissafin sashe huɗun da farashin yau, ya ce 85 ta koma 93. To da mun bi ta can da filin ya ƙara mana 4 a takarda, ginin ya ƙara mana har 8 a aljihu gwargwadon abin da ba mu riga mun saya ba, kuma da yanzu muna wajen linta muna neman cikon kuɗi. Na tura masa wannan, ya ce a bari sai nan da shekara biyar a sake lissafi, lokacin da gidan nan zai fara neman wani gyaran, filin can kuma titi ya iso. Wannan ma na rubuta.

Saura katangar baya da ke son ƙarin layi biyu, murfin tankin ruwa, da yarjejeniyar haya ta sashe na biyu da lauya zai kawo ranar Litinin. Hayar farko mun amince ba za a raba ba, za ta koma ajiya har ta kai 5.